Ƙumbar kogin Volta da gubar ƙarafa: abin da ya kamata a sani daga Tamale zuwa Ada

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Akra zuwa Lome ya san gadar Sogakope. Mota na tsayawa, 'yan talla za su yanyame ta da burodi da soyayyun ƙananan kifi da wani nama da ake jerawa a tsinke kamar tsire. Wannan naman shi ne mutanen yankin ke kira adode, wato ƙumbar ruwa da ake tonowa daga yashin kogin Volta. Fatake da direbobi daga zangunan Ghana da Togo da Binin da Najeriya sun saba saye suna ci a hanya. A mazhabar Malikiyya, wadda yawancin Musulmin Afirka ta Yamma ke bi, cin dabbobin ruwa irin wannan halal ne.

Tsakanin Tamale da wurin da ake kamun ƙumbar akwai tafiyar fiye da kilomita 600 a mota, amma ruwa ɗaya ne ya haɗa su. Ruwan famfon Tamale daga Farin Volta ake ɗebo shi a Nawuni, a tace shi a Dalun. Kogin nan ne ke wucewa ta Yapei ya faɗa tafkin Volta, ya ratsa madatsun Akosombo da Kpong, ya shiga teku a Ada. Shi ya sa masana ke auna naman ƙumba idan suna son sanin irin dattin da kogi ya kwaso a hanyarsa.

Wace ce ƙumbar Volta?

Ƙumba dabba ce mai laushin jiki da ke zaune tsakanin ɓawo biyu masu buɗewa da rufewa. Masana kimiyya suna kiran irin ta Volta da suna Galatea paradoxa. Ana samun ta a ƙarshen wasu manyan kogunan yankin, kusa da inda suke shiga teku: Volta a Ghana, Kuros Riba da Nun a Najeriya, da Sanaga a Kamaru. Takan binne kanta cikin yashi, ta miƙo bututu biyu. Da ɗaya take zuƙar ruwa ta tace 'yan ƙananan tsirrai da ɓurɓushin abinci, da ɗayan kuma ta fitar da ruwan. Haka take yi dare da rana, kuma takan yi shekaru a wuri ɗaya.

Kafin a kammala madatsar Akosombo a 1965, kamun ƙumba sana'ar mata ce babba, daga Akuse har zuwa Sogakope. Matan kan yi nutso su tono ta da hannu. Akosombo da kuma Kpong, wadda aka kammala a 1982, sun canja yadda kogin ke cika da janyewa. Ciyawar ruwa ta mamaye wurare da dama, ƙumba ta yi ƙaranci a sama, sana'ar ta tattara zuwa ɗan yankin da ke kusa da bakin teku, wajen Ada da Agave. A yau maza ne ke yawan nutson da bututun iska da injin ke hurawa daga cikin kwalekwale, mata kuma su ke dafawa, su ɓare, su soya ko su busar, su kai kasuwa. Ɓawon ma kuɗi ne: ana ƙona shi a yi farar ƙasa, ana niƙa shi a zuba cikin abincin kaji, ana kuma amfani da shi wajen gini.

Waɗanne ƙarafa ake nufi?

Ana maganar ƙarafan da ke narke cikin ruwa ko maƙale jikin laka, ɗan kaɗan ƙwarai yadda ido ba ya gani, harshe kuma ba ya ji. Ana auna su da miligiram a cikin kilo. Miligiram 1 a kilo 1 daidai yake da giram 1 a cikin tan 1, wato nauyin buhu 20 na siminti.

Kashi biyu ne. Akwai waɗanda jiki ke bukata kaɗan, irin su baƙin ƙarfe da tutiya da tagulla da manganis. Sai sun yi yawa suke cutarwa. Akwai kuma waɗanda ba su da wani amfani a jikin mutum: dalma da kadmiyam da zaiba, wadda ake kama zinari da ita. Ana haɗa asanik cikin wannan jerin, ko da yake shi ba cikakken ƙarfe ba ne. Abin da ya bambanta su da sauran datti shi ne ba sa ruɓewa. Kashin dabba da ganye ƙasa na cinye su. Dalmar da ta shiga laka kuwa tana nan, sai dai ta tashi daga wani wuri ta koma wani.

Me ya sa suke taruwa a bakin kogi?

Inda kogi ya haɗu da teku, gudun ruwa yakan ragu. Gishirin teku kuma yana sa ƙwayoyin laka masu laushi su dunƙule su nutse. Yawancin ƙarafa a jikin wannan lakar suke tafiya, don haka tare suke kwanciya a ƙasa, daidai inda ƙumba ke zaune tana ci.

Abubuwa uku sukan tayar da abin da ya kwanta. Na farko, ambaliya ko haƙar yashi sukan birkita lakar. Na biyu, canjin yawan gishiri: kadmiyam, misali, yakan saki laka ya koma cikin ruwa idan gishiri ya ƙaru. Na uku ya shafi zaiba. A cikin taɓon da iska ba ta shiga, wasu ƙwayoyin bakteriya sukan juya ta zuwa wani nau'i da ake kira metil-makuri, wanda ya fi kowane nau'i saurin shiga nama da wuyar fita.

Me ƙarafan ke yi wa ƙumba?

Ƙumba ba ta iya gudu kamar kifi. Idan ta ji guba a ruwa, dabararta ta farko ita ce rufe ɓawonta. Amma muddin a rufe take, ba ta ci, numfashinta ma ya ragu. Dabara ta biyu a cikin jiki take: tana samar da wani furotin mai suna metalotiyonin da ke ɗaure kadmiyam da tagulla da zaiba, tana kuma tattara wasu ƙarafan cikin 'yan dunƙule a hantarta da ƙodarta. Wannan na ceton ranta, amma yana nufin ƙarfen ya zauna a namanta, har yawansa ya ninka na ruwan da ke kewaye da ita sau ɗaruruwa ko dubbai.

Idan gubar ta fi ƙarfin waɗannan dabaru, ga abin da gwaje-gwaje a kan ire-iren ƙumba daban-daban suka nuna. Tace ruwa yakan ragu, girma ya yi jinkiri, naman ya rame a cikin ɓawo. Takan daɗe kafin ta binne kanta a yashi, sai tsuntsaye da ƙaguwa su same ta a fili. Ƙwayoyin jininta masu yaƙi da cuta sukan yi rauni. Mafi muni shi ne abin da ke samun haihuwa: ƙwai da 'ya'yan da suka ƙyanƙyashe sun fi manya saurin mutuwa, musamman da tagulla da azurfa da zaiba. Masunci zai iya ci gaba da samun manya na wasu shekaru, alhali babu ƙananan da za su maye gurbinsu.

An ga haka a zahiri a Amurka. Tun shekarun 1970 hukumar binciken ƙasa ta USGS ke auna wata ƙaramar ƙumba mai suna Macoma a taɓon Palo Alto, a kudancin mashigin San Francisco, kusa da inda matatar ruwan datti ta garin ke zubar da ruwanta. Lokacin da azurfa da tagulla suka yi yawa a namanta, ƙumbar kusan ta daina hayayyafa. Da aka inganta matatar, aka kuma rage ƙarafan da masana'antu ke turo mata, yawansu a nama ya sauka, haihuwa ta dawo.

Me awo ya nuna a Volta?

Masu bincike na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi, cikinsu har da Kwasi Adu Obirikorang da Steve Amisah da Daniel Adjei-Boateng, sun yi ta ɗibar ƙumba da laka a Ada da Aveglo a 2008 da 2009. Sun auna manganis da tutiya da baƙin ƙarfe da zaiba. Sakamakon ya kwantar da hankali: yawan ƙarafan a nama bai wuce abin da aka amince mutum ya ci ba, zaiba kuwa tana can ƙasa da iyaka nesa. Wani binciken na jami'ar a daidai wannan lokaci ya gano matsala ta wani ɓangaren, wato ƙwayoyin cuta masu fitowa daga bayan gida, saboda ƙarancin masai a ƙauyukan bakin kogi.

Akwai dalilan da suka taimaki ƙumbar Volta. Babu manyan masana'antu a bakin kogin. Gindin kogin a wuraren kamu yashi ne, shi kuma yashi ba ya riƙe ƙarfe kamar taɓo. Sannan tafkin Volta, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,500, yana aiki kamar babbar randa: lakar da ta taso daga arewa tana kwanciya a cikinsa kafin ruwa ya isa Akosombo.

Wannan dalilin na ƙarshe yana da fuska biyu. Abin da bai isa Ada ba a tafkin ya tsaya, kuma daga tafkin ne kifin Yeji da Buipe da Makango ke fitowa, wanda ake ƙyafewa a kawo kasuwar Aboabo a Tamale. Haka kuma awon 2008 da 2009 hoton wancan lokacin ne. Bayansa haƙar zinari ta bunƙasa ƙwarai, sannan daga 15 ga Satumba 2023 aka saki ruwan Akosombo da Kpong, ambaliya ta shafe gidaje da gonaki a Mepe da Battor da Sogakope har zuwa Ada. Irin wannan ruwan yana kwashe abin da ke bisa tudu ya zuba a kogi.

Daga ina ƙarafan ke fitowa?

Ƙasashe shida ne ke zuba ruwa a Volta: Burkina Faso, Ghana, Togo, Binin, Mali da Kwaddibuwa, a faɗin ƙasa kusan murabba'in kilomita 400,000. Baƙin Volta shi ne Mouhoun a Burkina, Farin Volta shi ne Nakambe, Oti kuma daga Pendjari ta Binin ya faro. A 2007 ƙasashen suka sa hannu a Wagadugu kan yarjejeniyar kafa hukumar kula da kogin.

Babban abin damuwa shi ne haƙar zinari ta gargajiya, wadda a Ghana ake kira galamse idan ba ta da lasisi. Ana yin ta a Nangodi da yankin Talensi, da Bole, da gabashin Wa, da wurare masu yawa a Burkina. Mai haƙa yakan niƙa dutse, ya wanke, ya zuba zaiba ta kama zinarin, sannan ya ƙona dunƙulen. Zaibar ta tashi a hayaƙi, wani kaso ya shiga huhunsa, saura ya sauko ƙasa da ruwan sama. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ce wannan sana'a ce kan gaba a duniya wajen sakin zaiba a iska, da kusan kashi 38 cikin 100 na abin da ɗan Adam ke saki. Niƙa dutsen kansa yana fito da asanik da dalmar da ke cikinsa. Hausawa sun ga haka a Zamfara a 2010, inda ƙurar dutsen zinari mai dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum.

A kudancin Ghana lamarin ya fi tsanani. Kogunan Pra da Ankobra da Offin da Birim sun koma ruwan kunu saboda injunan canfan da ke haƙa a tsakiyar ruwa. Su ba sa shiga Volta, kuma babu wani babban tafki da zai tare lakarsu: Pra na zubawa a teku a Shama, Ankobra kuma kusa da Axim. Gwamnati ta dakatar da ƙananan masu haƙa a 2017, ta ɗage dokar a Disamba 2018, amma har yanzu ana fama.

Birane ma suna da nasu kason. A Agbogbloshie da ke Akra, samari da yawa daga Tamale da ƙauyukan Dagomba sun shafe shekaru suna ƙona wayoyin lantarki don cire tagulla. Tokar, mai ɗauke da dalma da kadmiyam, tana gangarawa kogin Odaw zuwa tafkin Korle. An rushe wurin a Yuli 2021, sana'ar ta watsu zuwa wasu unguwanni. A Togo kuwa, masana'antar wanke fosfat ta Kpeme ta daɗe tana zubar da laka mai kadmiyam a teku, igiyar ruwa na tura ta gabas wajen Aneho da iyakar Binin. Fasa tsofaffin baturan mota da zubar da baƙin mai a kwata su ma suna ƙarawa.

Darasi daga Japan da Faransa

A garin Minamata na Japan, kamfanin Chisso ya zuba ruwa mai metil-makuri a teku daga 1932 zuwa 1968. Kyanwoyi ne suka fara haukacewa suna faɗawa ruwa. A Mayu 1956 likitoci suka ba da rahoton wata baƙuwar cuta a tsakanin iyalan masunta masu cin kifi da ƙumba: hannu da ƙafa su mutu, gani ya ƙuntata, magana ta sarƙe. An haifi jarirai da naƙasar ƙwaƙwalwa alhali uwayensu ba su nuna ciwo sosai ba. Mutanen da gwamnati ta tabbatar sun kamu sun haura 2,000. Da sunan garin aka sa wa yarjejeniyar duniya kan zaiba, wadda aka amince da ita a 2013, ta fara aiki a 16 ga Agusta 2017. Ghana ta tabbatar da shigarta a 2017.

A Faransa, awon da hukuma ke yi a kai a kai ne ya gano kadmiyam mai yawa, a ƙarshen shekarun 1970, a jikin ƙumbar da Faransawa ke kira huître a bakin kogin Gironde. Da aka bi sawu, sai aka tarar daga wata masana'antar tutiya yake fitowa a Viviez, kusa da Decazeville, ɗaruruwan kilomita a sama. An daina narkar da tutiya a can a 1987, amma lakar kogin Lot ta ci gaba da sakin kadmiyam, har a tsakiyar shekarun 1990 aka hana ɗibar ƙumbar Gironde don ci. Ruwa ba ya tsami banza, sai dai wani lokaci mai tsamar da shi yana nesa da mai sha.

Haɗarin ga mai ci

Tarayyar Turai ta sa iyaka ga naman ƙumba ɗanye: dalma miligiram 1.5 a kilo, kadmiyam miligiram 1, zaiba miligiram 0.5. Haɗari ya danganta da yawan ƙarfen da kuma yawan ci. Matafiyin da ya sayi tsinke biyu a Sogakope ba ɗaya yake da iyalin masuncin da kullum ƙumba ce naman miyarsu ba.

Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jini da za a kira marar illa. Kadmiyam yana taruwa a ƙoda, yakan ɗauki shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya fita, yana kuma raunana ƙashi. Metil-makuri yana ratsa mahaifa ya isa ga ɗan tayi. Shi wannan yana ƙaruwa ne daga mai ci zuwa mai cinye shi, don haka babban kifi mai cin kifi yakan fi ƙumba yawansa. Ita ƙumba an fi sa mata ido kan kadmiyam da dalma.

Dafuwa sosai tana kashe ƙwayoyin cuta, wanda shi ne haɗarin da aka tabbatar a ƙumbar Volta. Jiƙa ta da rai cikin ruwa mai tsabta na kwana ɗaya ko biyu yana sa ta amayar da yashi da dattin cikinta. Amma wuta da gishiri da yaji ba sa cire ƙarfen da ya riga ya shiga nama. Busarwa ma ruwa kawai take cirewa, ƙarfen ya rage a cikin ɗan abin da ya saura.

Abin da za a iya yi

Mai saye ya tambayi inda aka kamo ƙumba ko kifi, ya guji na kogunan da galamse ta rina da na kusa da bakin kwatar birni. Mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara su riƙa sauya nama, su fi karkata ga ƙananan kifi.

Mai haƙar zinari kada ya ƙona zaiba a ɗaki ko a madafa, kada kuma ya niƙa dutse a cikin gida. Akwai tukunyar ƙarfe mai bututu da ke mayar da hayaƙin zaiba ya zama ruwa a sake amfani da shi, maƙeri na iya ƙera ta. Ruwan wanki a tara shi a rami nesa da rafi, laka ta kwanta.

Masu kamun ƙumba suna da nasu misalin. Mata masu ɗibar ƙumbar da ke manne wa saiwar itatuwan bakin teku a bakin kogin Densu, daga Tsokomey da Bortianor da Tetegu, sun kafa ƙungiya, suka rufe kamu na wata biyar daga Nuwamba 2017, suna kuma auna yanayin ruwansu da kansu.

Babban aiki na hukumomi ne, kuma ba shi da tsada sosai. Tun 1975 masanin teku Edward Goldberg ya ba da shawarar a riƙa ɗibar ƙumba daga wurare tsayayyu a kai a kai ana aunawa, Amurka kuma ta mayar da haka shirin ƙasa a 1986. Hukumar kare muhalli ta Ghana da hukumar abinci da magunguna, tare da jami'o'in Kumasi da Cape Coast da Jami'ar Nazarin Ci Gaba ta Tamale, suna da ma'aikatan da za su iya irin wannan awo: ƙumba a Ada da Shama da Axim, kifi da laka a Buipe da Yapei da Yeji, sau ɗaya da rani, sau ɗaya bayan damina. Sakamakon kuma a karanta shi a rediyo da Dagbani da Hausa da Ewe da Dangme, domin ya isa kunnen mai haƙa a Bole da mai talla a Sogakope.